Rubutun bayanin fasaha a kwalejojin kudancin Kano

Rubutun bayanin fasaha nau'in rubutu ne da ake yi domin a fahimtar da mai karatu yadda wani abu yake aiki, ko yadda zai yi amfani da shi, ko abin da aka gano bayan an gudanar da wani aiki. Ya ƙunshi littafin jagorar na'ura, da takardar da ke cikin kwalin magani, da rahoton aiki, da ƙasidar malaman gona. Ya sha bamban da rubutun adabi, domin ana auna kyansa ne da ko mai karatu ya iya yin aikin daidai bayan ya karanta. A Najeriya an fi koyar da shi a matsayin darasi a cikin kwasa-kwasan injiniyanci da noma da kiwon lafiya. Ta wannan hanya ce ɗaliban Burumburum da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji suke haɗuwa da shi.

Tarihi

An fara ɗaukar wannan rubutu a matsayin fannin karatu a Amurka a farkon ƙarni na 20. T. A. Rickard ya fitar da littafin jagora a kansa a 1908, sannan Samuel Chandler Earle na kwalejin Tufts ya fitar da nasa a 1911 domin ɗaliban injiniyanci. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara buƙatar marubutan, saboda yawan jiragen sama da makamai da na'urorin sadarwa da sai da littafin jagora ake iya sarrafa su. Daga baya kwalejojin al'umma na ƙasar, waɗanda karatunsu shekara biyu ne, suka riƙa ba da takardar shaida a fannin.

A arewacin Najeriya, rubutun bayani da Hausar boko ya samo tushe daga Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya. A shekarun 1950, lokacin yaƙi da jahilci, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu yawa kan tsafta da noma da sana'o'i. Har yanzu cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello tana shirya ƙasidu da shirye-shiryen rediyo na wayar da kan manoma.

Makarantu da manhaja

Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ce ke tsara manhajar kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasa. Karatun yana da matakai biyu: ƙaramar difloma, wato ND, ta shekara biyu, da babbar difloma, wato HND, ita ma ta shekara biyu. A tsakaninsu ɗalibi kan yi shekara guda yana aikin samun gogewa. Kowane ɗalibi yana yin darussan Turanci da sadarwa, inda ake koyon rubuta wasiƙar ofis, da taƙaita bayani, da rubuta abin da aka tattauna a taro. A wasu sassan injiniyanci akwai darasi na musamman kan rubuta rahoton fasaha.

Makarantun gaba da sakandare da ke kusa da Burumburum sun haɗa da kwalejin share fagen shiga jami'a ta Tudun Wada, da makarantar koyon aikin lafiya ta Bebeji, da reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke Rano. Wasu ɗaliban yankin kan tafi cikin birnin Kano, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ko Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya.

Ayyukan ɗalibai

Rubutu mafi girma da ɗalibin difloma ke fara yi shi ne rahoton SIWES, shirin koyon aiki a ma'aikata da hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973. Ɗaliban ND kan yi wata huɗu a wurin aiki, na jami'a kuma wata shida. Ana ba ɗalibi littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, tare da zanen kayan aikin da ya taɓa, mai kula da shi a ma'aikatar yana sa hannu. Idan ya koma makaranta sai ya haɗa cikakken rahoto, ya kare shi a gaban malamai. Ɗaliban yankin kan nemi gurbi a sakatariyar ƙaramar hukuma, da asibitoci, da injinan casar shinkafa, da ofisoshin noman rani da ke amfani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974.

Na biyu shi ne kundin kammala karatu, wanda galibi babi biyar ne: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyar bincike, sakamako, da kammalawa tare da shawarwari. A sassan ƙere-ƙere ɗalibai kan haɗu su ƙera na'ura, kamar injin ɓarar masara, su rubuta yadda aka auna ta, da kuɗin da ta ci, da yadda za a kula da ita.

Matsalar da malamai suka fi kuka da ita ita ce kwafar rahoton waɗanda suka gabata, ko sayen kundi a shagunan buga takardu. Ɗalibin da ya bi wannan hanya yana iya samun maki, amma yakan fita ba shi da wani rubutu nasa da zai nuna wa mai ɗaukar aiki.

Batun harshe

Karatun da jarrabawar duk da Turanci ake yi, alhali mafi yawan waɗanda bayanin zai amfana a yankin Hausa suke ji. Ana ganin illar wannan giɓi a maganin feshi. Takardar jikin kwalba takan faɗi adadin lita a kowace hekta, manomi kuwa da famfon goyo yake lissafi. Idan takarda ta ce lita 4 na magani a cikin lita 200 na ruwa a hekta ɗaya, mai famfo mai cin lita 20 zai cika shi sau 10, ya zuba mililita 400 a kowane cikawa. Aikin marubucin shi ne ya yi wannan lissafi, ya rubuta shi da ma'aunin da manomi ke da shi a hannu, ya sa gargaɗin rufe hanci da wanke hannu a inda ido zai fara sauka. Idan aka yi kuskure, ko dai maganin ya ƙone shuka, ko ya kasa kashe ciyawa, ko ya cutar da mai feshin. Haka lamarin yake ga bayanin awon maganin yara a ƙananan asibitoci.

Damar aiki

Ba kasafai ake tallata gurbin aiki da sunan marubucin fasaha a Jihar Kano ba. Ƙwarewar takan fito ne a cikin wasu ayyuka: jami'in adana bayanan marasa lafiya, malamin gona, mai tattara alƙaluma a ƙungiyoyin agaji, sakataren ofis, mai rubuta takardar neman tallafi ga ƙungiyar manoma, da mai fassara. Wanda ya iya Hausa da Turanci a rubuce, kuma ya san fannin da yake rubutu a kai, ya fi samun shiga a shirye-shiryen rigakafi da na noma, inda ake buƙatar saƙo cikin harsuna biyu.

Kamfanonin manhajar kwamfuta, waɗanda yawancinsu ke Legas da Abuja da ƙasashen waje, suna ɗaukar masu rubuta jagorar amfani da manhajojinsu, wani lokaci daga gida. Sukan fi duba samfurin aikin mutum a kan takardar shaidarsa. Ƙarancin wutar lantarki da tsadar data da rashin kwamfuta ta kai suna takura matasan karkara a wannan fage.

A aikin gwamnati akwai daɗaɗɗen bambanci tsakanin mai HND da mai digiri, inda aka saba tsayar da ƙarin girman mai HND a mataki na 14. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin soke bambancin a 2021, amma ba a sa masa hannu ba har wa'adin gwamnatin Muhammadu Buhari ya ƙare a 2023.

Sana'ar kanta tana sauyawa a duniya. Babbar ƙungiyar marubutan fasaha ta Amurka, STC, wadda asalinta ke komawa 1953, ta sanar da rufewa a Janairun 2025. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya tsara rubutun farko cikin daƙiƙoƙi, don haka aikin mutum ya fi karkata ga gwada matakan da aka rubuta, da tabbatar da alƙaluma, da gyara fassarar Hausa da na'ura ta yi kafin ta isa hannun manomi ko ma'aikacin lafiya.