Kan Jirgin Wushishi da Manoman Gyaɗa: Nazari a kan Tarihin Siririn Layin Dogo a Arewa

Gabatarwa

A tashar jirgin ƙasa ta Minna akwai wani ƙaramin kan jirgi mai aiki da tururi da aka ajiye don tarihi. Shi ne kan jirgi na ɗaya na layin Wushishi, wanda kamfanin Hunslet na birnin Leeds a Ingila ya ƙera a 1901, kuma yana cikin na farko da suka taɓa jan tarago a Arewacin Nijeriya. Wannan nazari zai bi sawunsa daga bakin Kogin Kaduna zuwa tsaunukan Jos, sannan ya duba yadda dogon da ya biyo bayansa ya shiga rayuwar ƙauyukan arewa da birnin Kano. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, tarihin waɗannan injuna ba ya cika sai an haɗa shi da na mutanen da suka shimfiɗa musu hanya da waɗanda suka cika musu taragai.

Asalin layin da dalilin sirantakarsa

Lokacin da Gwamna Lugga ya zaɓi Zungeru ta zama hedikwatar mulkinsa, ya tarar da matsalar sufuri. Jiragen ruwa na hawowa Kogin Kaduna daga Kogin Kwara, amma ba sa iya kaiwa Zungeru, musamman da rani. Don haka a ƙarshen 1901 aka buɗe ɗan layi na mil 12 tsakanin Wushishi da Zungeru, a 1902 kuma aka ƙara masa tsawo zuwa Barijuko inda ruwa ya fi zurfi. Tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu ƙafa 2 da inci 6 ce kawai, wato milimita 762.

Tsimin kuɗi ne ya sa aka sirantar da shi. Siririn layi yana ɗaukar ƙarfe mara nauyi, yana iya shan kwana mai tsanani ya kewaye dutse maimakon a fasa shi, gadojinsa ma ƙanana ne. Illarsa ita ce ba ya gudu sosai, ba ya jan kaya masu yawa. Kan jirgin kansa an yi shi daidai da wannan buƙata: yana da ƙafafu shida masu ja da biyu a baya masu tallafa masa, kuma yana goye da tankin ruwansa da ma'ajin makamashinsa a jikinsa. Mutum biyu ne ke tafiyar da irinsa. Ɗaya yana ɗura wuta da shebur, idonsa na kan gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunya, domin idan ruwa ya yi ƙasa rufin murhun zai iya lalacewa. Ɗayan kuma, direba, yana buɗe wa tururi hanya ya shiga ya tura sandunan da ke juya ƙafafun. Aiki ne na ido da kunne, wanda ake koya a tsaye cikin zafi na shekaru.

Daga Zungeru zuwa ƙasar kuza

Da babban layi daga Ikko ya ratso ta Zungeru, amfanin ɗan layin Wushishi ya ƙare. Sai aka kwashe ƙarafansa da kayan aikinsa aka kai su wani sabon aiki, wato siririn layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau Jos da Bukuru. Turawa sun kira shi layin Bauci, domin a lokacin tsaunukan Jos suna ƙarƙashin Lardin Bauci. An kai Rahama a 1912, aka kai Bukuru a 1914, tsawonsa mil 143. Kafin nan 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka har Loko a bakin Binuwai. A 1927 layin da ya fi shi faɗi ya iso Jos ta Kafanchan ya karɓe yawancin kayan kuza, amma siririn layin ya ci gaba da jigilar mutane da amfanin gona har aka rufe shi a 1957. Wasu daga cikin injunansa suna ajiye a gidan tarihi na Jos.

Dogo ya iso Kano

Layin da ya shafi Kanawa kai tsaye shi ne na Baro zuwa Kano, mai tsawon mil 356, wanda aka fara a 1907 zamanin Gwamna Girouard, injiniyan soja da ya yi aikin dogo a Sudan. Ƙarfe ya iso Kano a watan Maris na 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe zirga-zirga a 1912. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, wanda shi ma a ma'aunin duniya siriri ne. Dubban talakawa ne suka yi cikon ƙasa da kwando da fartanya, kuma ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su, da yawa ba da son ransu ba.

Da dogo ya iso, masu masaƙu na Ingila sun zuba ido ne ga auduga. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Audugarsu tana da kasuwa a gida wajen masaƙa da marina, waɗanda ke biyan farashin da ya fi na Bature. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, irin ƙasar Ɗambatta da Bichi da Minjibir da Gezawa. Ana shuka ta da gicci na gero ko dawa, don haka ba ta raba gida da abinci. Harawarta abincin dabbobi ce, matan gida suna matse man ta su yi ƙuli-ƙuli, idan kuma kasuwa ta faɗi ana iya cinye ta. Ga haraji da aka koma karɓa da kuɗin Bature. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn, a littafinsa na 1978, ya nuna cewa gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Fataken goro irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka riga suka san ƙauyuka kuma suna da yaran da za su aika, su ne suka haɗa manomi da kanti.

Karkarar Kano ta iya ɗaukar wannan nauyi ne saboda yadda aka daɗe ana nomanta. Gona na manne da gona, ba a barin saura, kowace shekara ana noma wuri ɗaya da taimakon taki. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jaki ke shiga birni da itace ko hatsi ya komo da mangalar taki. Wannan jakin ne ya ɗauki buhun gyaɗa zuwa sikeli. Da aka shimfiɗa reshen Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930 ta Jogana da Zakirai da Ringim da Malam Madori, tafiyar jakin ta ragu, tashoshi suka zama kasuwannin kaka. Ita kanta dalar gyaɗa da muke alfahari da ita shaida ce ta gazawar siririn layi ɗaya tilo: manoma sun noma fiye da abin da injunan kwal ɗin Inugu za su iya kwashewa a kan lokaci, sai aka jibge buhuna ana jiran tarago.

Ƙarshen tururi da batun adanawa

Injunan dizal sun fara shigowa a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, suka riƙa maye gurbin na tururi. Farin farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman da ke ciyar da layin, manyan motoci kuma suka kwashe sauran.

A nan ya dace a kwatanta makomar injin Wushishi da ta wani ɗan'uwansa. Layin dogo na Saliyo shi ma ƙafa 2 da inci 6 ne. Bayan an rufe shi a 1974, masu kula da layin Welshpool zuwa Llanfair a yankin Wales na Birtaniya suka sayi injinsa mai lamba 85, ƙirar Hunslet ta 1954, suka kai shi can a 1975, ya yi shekaru yana jan masu yawon buɗe ido. 'Yan sa-kai ne ke riƙe da wannan layi, kuma abin da suka adana ya wuce ƙarfe, domin matasa na koyon hura wuta da gyaran tukunya daga dattawa. Saliyo ita ma ta buɗe gidan tarihin jirgin ƙasa a Firitawun a 2005. A Nijeriya ƙungiyar Legacy ta gyara gidan Jaekel a Ebute Metta ta mai da shi ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa. Namu injunan na Minna da Jos suna tsaye ne ba tare da layin da za su hau ba, ilimin sarrafa su kuma yana tafiya tare da tsofaffin ma'aikatan reluwe.

Kammalawa

Yanzu ana shimfiɗa sabon layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, mai faɗin milimita 1,435, kuma zai ratsa Ɗambatta da Kazaure da Daura. Wannan lokaci ne da ya kamata a tattara tarihin tsohon dogo kafin sabo ya rufe shi. Sassan tarihi na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna iya tura ɗalibai su naɗi muryoyin tsofaffin direbobi da 'yan dako da masu awon gyaɗa da suka rage. Tsohuwar tasha ɗaya a layin Nguru, kamar Jogana, za ta isa a ajiye tarago da sikeli da mangala tare da bayani da Hausa. Injin Wushishi kuma yana buƙatar rumfa da fenti da allon da zai faɗi su wane ne suka cika masa hanya. Jikokin waɗannan mutane suna nan suna noma gonakin kakanninsu, kuma haƙƙinsu ne su san rawar da gidajensu suka taka a wannan tarihi.