Tallafin bincike na gwamnati: Ta wace ƙofa mai ƙaramar sana'a a Zamfara zai shiga?

Tallafin bincike kuɗi ne da gwamnati ke bayarwa don a gwada wata sabuwar dabara, ba don a ƙara jari ba, kuma ba a biyan sa kamar bashi. Mai matsar man gyaɗa a Tsafe da ke son sayen buhuna ya ƙara kasuwa, jari yake nema. Idan kuwa yana son a gwada hanyar da man zai daɗe bai lalace ba, wannan bincike ne.

A Amurka an ware wa irin wannan buƙata ƙofa ta musamman tun 1982, wato shirin SBIR, wanda ya wajabta wa manyan hukumomin tarayya ware wani kaso na kuɗin bincikensu ga ƙananan kamfanoni. A Najeriya babu takwaransa kai tsaye, kuɗin na warwatse ne a hukumomi.

Mafi girman rumbun shi ne TETFund, asusun da dokar 2011 ta kafa, wanda ake cikawa da harajin da kamfanoni ke biya. Yana da Asusun Bincike na Ƙasa, sai dai malaman manyan makarantun gwamnati ne ke da ikon nema. Ɗan kasuwa daga Ruwan Bore ko Bunguɗu ba zai tura takarda da sunan shagonsa ba. Hanyarsa ita ce ya sami malami a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, su tsara aikin tare. Malamin ne zai jagoranta, ya fara tura taƙaitaccen bayani, in an amince ya tura cikakken tsari da kasafi. Kuɗin kuma ta hannun makarantar suke bi. Don haka wanda bai rubuta yarjejeniya tun farko kan wa zai mallaki sakamakon ba, yana iya wayar gari ya ga dabararsa a mujallar ilimi, shi kuwa ko sunansa babu.

Dokar sababbin kamfanonin fasaha da Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a 2022 ta tanadi asusun tallafi, amma sai kamfanin da ke da cikakkiyar rajista da CAC, bai wuce shekara 10 ba, kuma ya karɓi shaidar NITDA. Rajistar sunan kasuwanci kaɗai ba ta isa.

Naira 50,000 da gwamnatin tarayya ta raba wa masu ƙananan sana'o'i a 2024 kuwa, wadda mutane da yawa ke ruɗawa da wannan, agajin jari ce, ba ruwanta da bincike.

Kusan duk waɗannan ƙofofi ta intanet ake ƙwanƙwasa su, da lambar NIN, da BVN, da lambar haraji. Wannan ba ƙaramin shinge ba ne a jihar da aka katse wa layukan waya a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, inda zuwa Gusau daga ƙauye kan zama sai an yi shawara. Nan ne 'yan damfara ke samun kasuwa, suna yawo da fom a WhatsApp suna karɓar kuɗin "saka suna". Sanarwa ta gaskiya a shafin hukumar take fitowa, mai adireshin da ya ƙare da gov.ng.