Ciwon baya: Atisaye a asibiti ko a gida ta waya?

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da shekarar 2050. Babu ciwon da ya kai shi hana mutane gudanar da harkokinsu a duniya.

Wane ciwo ake nufi?

Shi ne ciwon da ake ji tsakanin ƙarshen haƙarƙari da ɗuwawu. Idan ya haura makonni 12, likitoci kan ce ya zauna. A kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, ba a iya danganta shi da wata takamaimiyar cuta.

Me ya sa ake ba da shawarar atisaye?

A da akan ce mai ciwon baya ya kwanta ya huta. Yanzu an gano cewa dogon kwanciya na sanya tsoka ta yi rauni, ciwon kuma ya daɗe. Wani nazari da ƙungiyar Cochrane ta wallafa a 2021, wanda ya tattara gwaje-gwaje 249, ya nuna cewa atisaye na rage raɗaɗi. A watan Disamban 2023, WHO ta sanya shi cikin hanyoyin da ta amince da su, ta kuma yi gargaɗi kan ɗaura ɗamarar baya da shan magunguna masu ƙarfi dangin opioid.

Mene ne bambancin hanyoyin biyu?

A asibiti, likitan gashin ƙashi yana duba majinyaci ido da ido, ya taɓa wurin da ke ciwo, ya gyara masa kuskure nan take. A ɗaya hanyar, majinyaci na gida, yana bin umarni ta hoton bidiyo, ko manhajar wayar salula, ko kiran waya. Wannan hanya ta samu karɓuwa sosai a 2020, lokacin kullen annobar korona.

Wacce ta fi inganci?

Masu bincike a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a Najeriya sun gwada hanyoyin biyu na tsawon makonni 8, da salon atisayen McKenzie, wanda ya samo suna daga wani ƙwararre ɗan ƙasar New Zealand. Sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna cewa masu bin manhaja a gida sun samu sauƙi kwatankwacin na masu zuwa asibiti. Wani nazari da ya biyo baya a 2020 ya nuna cewa hanyar waya ta fi arha.

A Amurka ma, wani gwaji da aka wallafa a 2023 kan mutane 140 ya cim ma kusan wannan matsaya, ya kuma gano cewa masu yi daga gida ba su yanke atisayen a tsakiya kamar masu zuwa asibiti ba. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje na mutane ƙalilan ne, kuma na ɗan gajeren lokaci.

Wa hanyar waya ta fi amfana?

Mutumin da ke nesa da babban asibiti, wanda kuɗin mota da asarar yinin aiki kan sa ya daina zuwa. Haka nan macen da ta fi son yin atisaye a cikin ɗakinta. Amma tana buƙatar waya mai kyau, da wutar caji, da kuɗin data, sannan babu mai gyara kuskure da hannu.

Yaushe zuwa asibiti ya zama tilas?

Ya kamata a fara ganin likita kafin kowane irin atisaye. A garzaya asibiti idan ciwon ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko raunin ƙafafu. Haka kuma idan akwai zazzaɓi ko rama, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, domin yana iya kasancewa karaya ce, ko tarin fuka na ƙashin baya, ko ciwon daji.

Idan likita ya tabbatar babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, hanyar da ta fi dacewa ita ce wadda majinyaci zai iya ɗorewa a kanta.