Daga Yabo Zuwa Zargi: Tarihin Kallon da Kafafen Yaɗa Labarai Suka Yi wa Shafukan Sada Zumunta (2006–2022)

Gabatarwa

Duk mai sauraren labaran Hausa a rediyo ya saba jin an ce wani batu ya ja hankalin jama'a a shafukan sada zumunta. A farkon shekarun 2000 babu wannan magana a bakin ɗan jarida, domin sai a 2004 aka kafa Facebook, YouTube a 2005, Twitter a 2006, WhatsApp kuwa a 2009. Cikin ɗan wannan lokaci jaridu da gidajen rediyo da talabijin sun yaba wa waɗannan shafuka, daga baya suka juyo suna zargin su, alhali kullum dogaronsu da su ƙaruwa yake yi. Wannan maƙala ta bi sawun sauyin ne tun daga 2006 har zuwa 2022. Abin da ta lura da shi shi ne, a lokacin yabo da lokacin zargi kuskure ɗaya ya riƙa maimaituwa: jingina wa na'ura aikin da mutane suka yi, tare da mantawa da waɗanda na'urar ba ta kai gare su ba.

Zangon Yabo (2006–2011)

A ƙarshen 2006 mujallar Time ta Amurka, wadda ta saba zaɓen gwarzon shekara, ta ba da kambin ga duk wani mai wallafa abu a intanet. Wannan zaɓi ya nuna ra'ayin da ya mamaye ɗakunan labarai a lokacin, cewa talaka ya sami bakin magana ba tare da ya roƙi edita ba.

Ra'ayin ya ƙara ƙarfi a Iran cikin watan Yunin 2009, sa'ad da jama'a suka cika titunan Tehran suna ƙin amincewa da sakamakon zaɓen da ya mayar da Mahmud Ahmadinejad kan mulki. Gwamnati ta taƙaita aikin ƴan jaridar ƙasashen waje, sai editoci a Landan da New York suka koma ɗaukar rahoto daga Twitter da YouTube, suka kuma laƙaba wa boren sunan juyin juya halin Twitter. Lamarin ya kai ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta roƙi kamfanin Twitter ya ɗage wani gyara da ya shirya yi, don kada saƙonni su katse. Sai daga baya masu nazari suka nuna cewa masu amfani da Twitter a cikin Iran ƴan ƙalilan ne, kuma da yawa daga saƙonnin da ƴan jarida suka karanta da Ingilishi aka rubuta su, daga wajen ƙasar. Ta Twitter ƴan jaridar suka hango boren, shi ya sa suka ɗauka shi ne ya tayar da shi.

An maimaita haka a Tunisiya da Masar. Mohamed Bouazizi ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Bouzid ranar 17 ga Disamba 2010, kuma ranar 14 ga Janairun 2011 Shugaba Ben Ali ya tsere. A Masar an fara zanga-zanga ranar 25 ga Janairu, Hosni Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairu. Babu shakka Facebook ya taka rawa, domin a can aka fara yaɗa hotunan Sidi Bouzid, kuma shafin da Wael Ghonim ya buɗe don tunawa da Khaled Said ya tara dubban ɗaruruwan matasa. To amma tashar Al Jazeera ce ta kwaso waɗannan hotuna ta shigar da su gidajen da ba su da intanet. Hakazalika, gwamnatin Masar ta rufe intanet daga 28 ga Janairu zuwa 2 ga Fabrairu, amma a ranar farko ta rufewar ne, bayan sallar Juma'a, aka yi fitowar da ta fi ta kwanakin baya girma. Kafin wannan duka, ma'aikatan masaƙar Mahalla sun yi yajin aiki a 2006, garin kuma ya yi bore a 2008. Sunan juyin juya halin Facebook ya binne rawar masallatai da ƙungiyoyin ƙwadago da tsadar abinci.

Maudu'i ya Zama Ma'aunin Labari: Misalin Chibok

Bayan 2011 sabuwar ɗabi'a ta shiga aikin jarida, wato auna muhimmancin labari da yawan masu magana a kansa a intanet. Ƙasar Hausa da maƙwabtanta sun ga wannan ƙuru-ƙuru a 2014. A daren 14 ga Afrilu mayaƙan Boko Haram suka sace ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok a jihar Borno. Kwanaki sun shuɗe manyan kafafen duniya ba su ba lamarin fili sosai ba, sai da maudu'in #BringBackOurGirls ya bazu a Twitter, har uwargidan shugaban Amurka, Michelle Obama, ta wallafa hotonta riƙe da shi a farkon watan Mayu.

Maudu'in ya yi amfani, domin ya tilasta wa gwamnatin da ta yi gum ta yi magana. Sai dai rahotanni da yawa sun fi karkata ga ƙidayar saƙonni da jera sunayen mashahuran da suka sa baki, fiye da halin da iyayen yaran suke ciki. Makonni bakwai kafin Chibok, a watan Fabrairu, an kashe gomman ɗalibai maza a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a jihar Yobe. Wannan ta'asa ba ta sami maudu'in da ya zaga duniya ba, kuma ba ta sami ko kusa da irin filin da Chibok ta samu ba.

Zangon Zargi (2016–2019)

Zaɓen Amurka na 2016 ne ya juya akalar rahotanni. Kafafen da suka yi shekaru suna yabo suka fara tambayar ko labaran ƙarya ne suka sauya ra'ayin masu zaɓe. A watan Maris 2018 jaridun Observer da New York Times suka fallasa yadda kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan masu amfani da Facebook ba da izininsu ba, adadin da Facebook ya ce zai iya kaiwa miliyan 87. A watan Afrilu Mark Zuckerberg ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka. A wannan shekara ce masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka ambaci Facebook cikin hanyoyin da aka bi wajen yaɗa ƙiyayya ga Musulmin Rohingya a Myanmar, kuma kisan da gungun jama'a suka riƙa yi a Indiya bisa jita-jitar satar yara ya sa WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar kacal a lokaci guda.

A Najeriya, sashen bincike na BBC Africa Eye ya fitar da rahoto a watan Nuwamban 2018 kan rikicin jihar Filato na watan Yunin shekarar. Rahoton ya nuna yadda aka yaɗa hotunan gawawwaki a Facebook, wasu ba ma daga jihar ba, kuma ƴan sanda suka ce hakan ya rura wutar ramuwar gayya. Wani abu da ya kamata ɗalibin Hausa ya riƙe daga rahoton shi ne, masu tantance labarai huɗu kacal abokan hulɗar Facebook suka ware wa ƙasar, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu.

Waɗannan bincike-bincike sun tona gaskiya mai ɗaci game da kamfanonin. Amma a rahotannin yau da kullum tsohon kuskuren ya dawo da sabuwar riga. Da an ce Facebook ya kawo ƴanci, yanzu sai aka koma cewa Facebook ya kawo rikici. Rikicin Filato kuwa ya girmi Facebook, tun da an yi mummunan tashin hankali a Jos a 2001, kuma tushensa yana cikin rigimar ƙasa da kiwo da batun ɗan asali da baƙo.

Yadda Gwamnatoci Suka Ci Moriyar Zargin

Da zarar an yarda cewa na'ura ce mai laifi, maganin da ya fi sauƙi shi ne a rufe ta. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta daga watan Maris 2018 zuwa Yulin 2019, wato wata goma sha shida. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019, kuma da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a watan Yunin 2020 kan wani rubutu a shafinta na Facebook da ya shafi binciken kuɗin ma'aikatar tsaro. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, an katse intanet na wayar salula a Nijar kimanin kwana goma.

A Najeriya gwamnati ta dakatar da Twitter ranar 4 ga Yunin 2021, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, kuma hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta umarce su da su daina amfani da shafin. A nan ne ƴan jarida suka gane cewa abin da suke ba da labarinsa ya zama kayan aikinsu. Ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 13 ga Janairun 2022. A tsakiyar wannan lokaci, cikin Satumbar 2021, aka katse layukan waya gaba ɗaya a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da ƴan bindiga. Miliyoyin mutane sun rasa hanyar kiran ɗan uwa ko karɓar kuɗi, amma a kafafen duniya maganar Twitter ce ta fi amo, domin mazauna ƙauyukan Zamfara ba su da inda za su wallafa kukansu.

Abin da Harshen Hausa ya Adana

Kalmomin da ƴan jaridar Hausa suka zaɓa sun adana wannan tarihi. Sunan shafukan sada zumunta ɗan zangon yabo ne, domin zumunci abu ne mai daraja a wurin Bahaushe, kuma sunan bai bar wa sharri gurbi ba. Da zangon zargi ya zo, sai aka ji labaran ƙarya da labaran bogi sun yawaita a rahotanni, aka kuma ɗora wa tsohuwar maganar nan ta ƙanzon kurege sabon aiki. Ko shafin tantance labarai da aka kafa a Najeriya a 2018 sunan Hausa ya ɗauka, wato Dubawa. Sassan Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da Deutsche Welle da Muryar Amurka da RFI sun daɗe suna karanta wasiƙun masu saurare. Wasiƙar ta koma saƙon tes, daga nan ta koma tsokaci a Facebook, sai dai mai sauraren da ba shi da babbar waya ko bai iya boko ba ya rasa gurbinsa a jerin.

Kammalawa

An ga yadda kafafen yaɗa labarai suka tashi daga kiran shafukan sada zumunta masu kifar da azzalumai zuwa kiran su masu hura wutar fitina, kuma a kowane zango an sami gaskiya an sami ƙari. Rahotannin da suka jure wa gwajin lokaci su ne waɗanda aka je wurin da abin ya faru, aka tambayi mutane, aka binciki kamfani da gwamnati tare. Ɗalibin da zai nazarci labaran Hausa a wannan fage yana da tambayoyi uku da zai yi wa kowane rahoto: wa ya wallafa abin da ake magana a kai, da wane harshe ya wallafa shi, kuma su wane ne lamarin ya shafa amma ba a ji muryarsu ba.