YADDA AKE DAURA ALTANETA DA JAN FAMBEL A TSOHUWAR A-KORI-KURA TA CHEVROLET

Da yawa daga cikin yaranmu da suka tashi a nan Amurka sun kamu da son tsofaffin motocin a-kori-kura, musamman Chevrolet C10 na shekarun 1967 zuwa 1972. Ni ma gidana abin bai bar ni ba. Babban ɗana ya tara kuɗinsa ya sayo wata ta 1971 mai inji 350, wato lita 5.7, ya ce shi zai gyara abarsa da hannunsa. Na ce to, Allah ya taimaka.

Mako uku bayan nan, wajen la'asar, sai ga waya daga bakin babbar hanya a Houston. "Baba, ruwa na tafasa, fitilar batir kuma ta kama." Da na isa na ɗaga bonet sai na ga babu fambel, ya tsinke ya yi gaba. Allah ya sa ya kashe injin da wuri, da ya ƙara tafiyar minti biyar cikin zafin nan da kan silinda ya lanƙwashe. A irin waɗannan injuna fambel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa da fanka gaba ɗaya. In ya tafi, caji ya tsaya, sanyaya inji ma ta tsaya. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na sani game da wannan aiki, don iyaye su iya duba abin da yaransu suka ɗaura kafin su hau titi.

Laifin da na tarar ba na fambel ba ne, na biraket ne, wato ƙarfen da altaneta ke zama a kai. Ƙananan injunan V8 na Chevrolet, waɗanda aka fara ƙerawa a 1955, suna da famfon ruwa iri biyu, gajere da dogo. Gajeren, in ka auna daga jikin bulok zuwa fuskar da fuli ke zama, inci 5 ne da kashi 5 cikin 8. Dogon kuwa kusan inci 7 ne. Ƙananan motoci sun koma dogon famfo a 1969, amma a-kori-kura ba su koma ba sai 1973. Mai gajeren famfo altanetarsa na gefen direba, mai dogo kuma tana gefen fasinja. Abin da ya faru shi ne, wani daga cikin waɗanda suka riƙe motar kafin mu ya sauya inji ya sa na wata mota mai dogon famfo, wanda ya sayar mana kuma bai faɗa ba. Yaro ya yi odar biraket bisa shekarar mota, aka kawo masa na gajeren famfo. Da ya ga fulin altaneta ya noƙe baya da kusan milimita 35, sai ya jera washa ya cike gibin, ya ɗaure. Tarin washa ba ya riƙe altaneta a tsaye, sai ta karkace, fambel ya riƙa hawa leɓen fuli har ya yanke.

Saboda haka kafin ka kashe ko dala ɗaya, ɗauko tef ka auna famfon. Kada ka dogara da shekarar da ke kan takardar mota, domin motar da ta haura shekara 50 da wuya a ce injinta na asali ne. Sannan ka leƙa goshin kan silinda. Waɗanda aka yi daga 1969 zuwa sama suna da ramukan noti a goshi, masu zare na inci 3/8, don ɗaura biraket. Na kafin nan goshinsu a shafe yake, biraket ɗinsu a jikin ƙarfen da hayaƙi ke fita ake kafa shi. In kanka shafaffe ne ka sayi biraket mai neman rami, asarar kuɗin mayarwa kawai ka jawo wa kanka.

Ita altanetar ma a duba wace iri ce. Kamfanin GM ya bar dainamo ya koma altaneta a wajen 1963. Ta farkon, 10DN, na'urar daidaita wutarta a waje take, ƙaramin akwati ne a jikin mota. Wadda ta biyo baya, 10SI, na'urar na cikinta, kuma ta yaɗu daga 1973. Jikinsu kusan ɗaya ne, duk biyun suna zama a biraket ɗaya, amma wayoyinsu sun bambanta. In za ka sauya daga wannan zuwa waccan kuma ba ka saba da waya ba, nemi mai rewaya. Haka nan in altaneta ta tashi daga gefen direba zuwa na fasinja, dole a ƙara tsawon wayoyi, kuma babbar wayar caji kada a yi mata ƙari da siririya.

To, ga aikin kansa. Abu na farko, a cire kan batir na nagatif a kauda shi gefe. Notin da ke bayan altaneta kullum da wuta a kansa ko mota na kashe, sifana ta taɓa shi ta taɓa jikin inji sai ta yi ja a hannunka. Sannan a goge fuskar da biraket zai zauna, a kankare tsatsa da tulin fenti, domin ta jikin ƙarfen nan ne wutar altaneta ke komawa batir. Na sha ganin biraket sabo fil mai kaurin fenti yana hana caji ya cika, mai mota yana ta zargin batir.

A tsarin dogon famfo, akwai dogon noti da ke ratsa biraket na gaba, ya bi ta ƙafar altaneta, ya bi ta wani bututun ƙarfe mai cike tazara, ya shiga ramin kan silinda. A kansa altaneta ke lilo. Sai hannu na biyu mai dogon tsagi, wanda ake ɗaure kunnen altaneta a jikinsa bayan an ja fambel. Dokar da nake bi ita ce: a sa dukkan notuna da hannu, a bar su sako-sako, sai kowanne ya shiga raminsa ba tare da an tilasta shi ba, sannan a fara ɗaurewa. In ka ɗaure ɗaya tamau ka jawo sauran da ƙarfin tsiya, ka bar biraket ɗin cikin matsi ke nan, jijjigar inji za ta tsaga shi nan da 'yan watanni. In za ka kwance notin famfon ruwa don biraket ya hau kansa, ka lura wasu daga cikinsu suna ɓullawa cikin hanyar ruwa, sai a shafa wa zaren maganin hana yoyo. Kuma tunda kaurin biraket ya ci wani ɓangare na tsawon noti, a tabbatar zaren da ya rage ya isa ya kama sosai. Noti mai inci 3/8 ana ɗaure shi wajen fam-ƙafa 30, kimanin nuton-mita 40.

Yanzu sai saiti, kuma a nan ne nake so a ɓata lokaci. Samo miƙaƙƙen ƙarfe ko doguwar rula ta ƙarfe, ka kwantar a fuskar fulin altaneta ta miƙe zuwa fulin famfo da na karanshaf. Abin da kake nema shi ne kwarin fuli ukun su kasance a layi ɗaya. Ka tuna leɓen wani fulin ya fi na wani kauri, don haka daga rula zuwa tsakiyar kwari za ka auna. Kuskure iri biyu ne. Ko dai altaneta ta yi gaba ko baya, wannan ana gyara shi da sauya tsawon bututun tazara. Ko kuma ta karkace, wanda ke nuna biraket ya lanƙwashe ko ramin ƙafarta ya cinye. Ni in bambanci ya wuce milimita 1 da rabi ba na yarda. Washa ɗaya ba laifi, amma in har sai ka jera huɗu ko biyar, to biraket ɗin ba na wurin ba ne.

Fambel irin na da, mai siffar V, da gefunansa biyu yake kama fuli. Bai kamata cikinsa ya taɓa gindin kwari ba. In ka ga gindin kwarin yana ƙyalli, ko fambel ya yi siriri ko fulin ya cinye, kuma duk yadda ka ja shi zai ci gaba da santsi. Wanda ya jiƙe da baƙin mai, ko ya tsattsage, ko gefensa ya yi sheƙi kamar gilashi, a jefar. Wajen sa sabo, a tura altaneta ciki har ya shiga da hannu. Banƙara shi da sukurdireba kan tsinka zaren da ke cikinsa tun ba a tada inji ba. A zaɓi tsawon da zai sa noti ya tsaya wajen tsakiyar tsagi, don a samu wurin ƙara ja nan gaba.

Wajen ja, a sa katako ko liba a danna altaneta waje, amma a kan rabin jikinta na gaba mai kauri kaɗai, kusa da fuli. Tsakiyarta da bayanta ba sa ɗaukar danni. A ɗaure notin tsagi, sannan a ɗaure dogon notin lilo. Sai a gwada: a tsakiyar tazarar da ta fi tsawo tsakanin fuli biyu, danna da babban yatsa da ƙarfin kimanin kilo 4 zuwa 5. Ya kamata ya lotsa wajen rabin inci, milimita 12 ko 13. Akwai ma'aunin musamman da ake sayarwa da araha, ya fi yatsa gaskiya, domin yatsana da na ɗana ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Mutanenmu sun fi kuskure ta wajen yawan ja, wai gara ya yi tauri da ya yi kuka. Ban yarda da wannan ba. Fambel mai sako-sako yana sanar da kai, za ka ji ƙara da safe ko in ka kunna fitilu ka taka totur. Dalili kuwa, altaneta mai amfiya 63 a kan bolt 14 tana ba da kusan wat 900, kuma da yake wajen rabin ƙarfin da take karɓa kan tafi a zafi, tana jan fiye da ƙarfin doki 2 ta wannan siririyar roba. Amma wanda aka ja fiye da kima shiru yake yi, yana cin boris ɗin altaneta da na famfon ruwa a hankali, sai ranar da ka ga ruwa na ɗiga ta ƙasan famfo. Fambel kuɗinsa kaɗan ne, famfo kuwa aikin yini guda ne.

Bayan an mayar da kan batir, a ɗora mita kafin a tada inji. Batir mai cikakken caji zai nuna wajen bolt 12.6. In inji ya tashi aka ɗan ɗaga shi daga silo, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5, kuma kada ya faɗi sosai in an kunna fitilu da fankar hita. Wancan gwajin da muka saba gani a garejin gida, na zare kan batir inji na aiki don a ga ko zai mutu, ragowar zamanin dainamo ne. A altaneta yana iya ƙona dayod da na'urar daidaita wuta nan take, har da rediyo. Kada a yi. A kuma tsaya daga gefe, a naɗe hannun riga, mai babbar riga ya tuɓe ta tukuna, fankar waɗannan motoci ƙarfe ce.

Sabon fambel yana miƙewa. A bar inji ya yi minti 15, a kashe, a zare makulli, a sake dannawa a ƙara ja in ya saki. A sake dubawa bayan tafiyar mako guda, tare da notunan biraket. In an ga baƙar ƙura kamar gari a goshin altaneta, robar ce ke cinyewa, a koma kan saiti. Tamu motar, bayan mun sa biraket na dogon famfo, sau ɗaya muka ƙara ja. Na sa yaron ya ajiye fambel na biyu a bayan kujera tare da sifana mai lamba 1/2 da 9/16, ya kuma rubuta lambar fambel ɗin a cikin murfin akwatin gaban mota, tunda mai kanti in ya duba littafinsa na 1971 zai ba shi wanda ba zai shiga ba.