Daga Kurmi Zuwa Omdurman: Tarihin Fataucin Magungunan Daji

Waiwaye adon tafiya ne. A wannan bikin cikar shekaru na ƙungiyarmu, ya kamata mu tuna yadda iyayenmu suka samu wurin zama a kasuwar Omdurman.

Hanyar Hajji ce ta fara kawo su. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a da yawa suka yi hijira gabas. Ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Wasu suka tsaya Hartum da Omdurman neman guzuri, tafiya ta zama zama.

Jarinsu ba kuɗi ba ne, sani ne. Itatuwan da suka baro a Kano su suka tarar a Kurdufan, suna kawai ya sauya. Bagaruwa ita ce garad, aduwa lalob, tsamiya aradeb, 'ya'yan kuka gongoles, soɓorodo karkade, filasko kuwa sanamakka. Wanda ya san kaya a kasuwar Kurmi bai zama baƙo ba a layin masu kayan ƙamshi da magani na Omdurman.

Kowanne da aikinsa. Ganyen filasko yana sakin ciki, kuma tun da can ake fitar da shi Turai ta Iskandariya; har yau ana haɗa maganin bushewar ciki da shi. Amma in aka zarce, sai murɗar ciki da zawo. Bagaruwa, saboda baurinta, ana jiƙa ta don ciwon maƙogwaro, majema ma ita suke nema. Soɓorodo kuma, binciken likitoci ya nuna yana ɗan sauke hawan jini.

Da jirgin ƙasa ya isa Al-Ubayyid a 1912, kaya suka riƙa kwararowa Hartum, su wuce Port Sudan. Ƙaron dakwara, wanda ake kira hashab, ya zama sarkinsu. Yana shiga ƙwayoyin magani da lemun kwalba. Ko da Amurka ta saka wa Sudan takunkumi a 1997, ƙaro ta bar wa ƙofa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ƙona shaguna, ya watsa 'yan kasuwa zuwa Chadi, Masar da gida Nijeriya. Shago ana sake gina shi. Dattijon da ke shinshina buhu ya gane filaskon bana da na bara, in ya tafi, ya tafi da saninsa.

Don haka muke roƙon kowane reshe ya zauna da dattawansa, a rubuta sunayen kaya da Hausa da Larabci, lokacin tsinka, yadda ake shanyawa, da yadda ake gane algus. Sakatariya za ta tattara su wuri guda. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya dawo wa Sudan da zaman lafiya.