BABI NA BIYU: TARIHIN TACE HOTON BIDIYO A KANO DAGA KASET ZUWA KWAMFUTA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda aikin tace hoton bidiyo ya tashi daga kan kaset ya koma kan kwamfuta a Kano. Za a dubi matakai uku na aikin, wato zuba hoto cikin kwamfuta da tace shi da kuma matse shi. Kalmar tacewa a nan tana nufin yankewa da jera hotuna har su zama labari, kamar yadda 'yan fim suke amfani da ita, ba irin aikin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 ba. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, na'urar da ta kyautata aikin ita ce kuma ta raba masu fim da ikon mallakar abin da suka shirya.

2.1 Zamanin Kaset

Kafin a fara sayar da fim ɗin Hausa a kasuwa, gidajen talabijin ne matattarar masu wasan kwaikwayo a Kano. Ɗaya daga cikinsu shi ne gidan talabijin na jiha, CTV, wanda yake kan titin Maiduguri a Hotoro. An kafa shi a zamanin Gwamna Muhammad Abubakar Rimi (1979-1983), kuma bayan rasuwarsa a 2010 aka mayar da sunan gidan ARTV. A irin waɗannan gidaje ne ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka saba da kyamara da ɗakin tace hoto.

Tacewar wancan zamani da na'urorin bidiyo biyu ake yin ta: ɗaya tana nuna kaset ɗin da aka ɗauko, ɗaya tana naɗar abin da aka zaɓa. Dole a bi labarin daga farko zuwa ƙarshe, domin idan aka so a cusa wata fitowa a tsakiya, sai an sake naɗar duk abin da ya biyo bayanta. A wannan yanayi ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990 a kan kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya ƙirƙiro a 1976.

Babban aibin kaset shi ne duk lokacin da aka kwafe shi sai hoton ya rage kyau, launi ya dushe, sauti ya shaƙe. Larkin (2008) ya yi bayani a kan wannan lalacewar hoto a nazarinsa na kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai. Sai dai wannan aibi yana da ɗan amfani ga mai fim. Tsarin cinikin shi ne furodusa ya buga kwali ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su kwafi fim ɗin daga masta. Wanda ya kwafa daga kwafi, hotonsa ba zai kai na masta ba, kuma kowane kwafi yana cin lokaci daidai da tsawon fim ɗin.

2.2 Shigowar Kwamfuta

Kamfanin Adobe ya fitar da manhajar Premiere a 1991. A 1995 kuma aka samu tsarin DV na ɗaukar hoto da lambobi, tare da wayar FireWire da take haɗa kyamara da kwamfuta. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 waɗannan kaya suka yi ta yaɗuwa a ɗakunan tace hoto na Kano.

Matakin farko shi ne zubawa. Mai tacewa zai kunna kaset, kwamfuta tana kwasar hoton a daidai gudun da yake tafiya, saboda haka kaset mai awa guda sai ya ci awa guda. Hoton DV na awa guda yana cin kimanin gigabayit 13, wanda babban wuri ne a kwamfutocin lokacin. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar zubawa, sau da yawa sai an koma baya.

Da zarar hoton ya shiga, mai tacewa yana iya ɗauke fitowa daga ƙarshe ya kawo ta farko, ya yanke, ya mayar, ba tare da hoton ya rage kyau ba. Wannan ya zo daidai da lokacin da waƙa da rawa suka zama ƙashin bayan fim ɗin Hausa, musamman bayan karɓuwar Sangaya da Wasila a wajajen shekarar 2000. Da yake a situdiyo ake rera waƙar, 'yan wasa su bi ta da baki a gaban kyamara, daidaita motsin leɓe da murya ya fi sauƙi ƙwarai a kan kwamfuta.

2.3 Matse Hoto

A tsarin PAL da Nijeriya take bi, hoto 25 ne yake wucewa a kowane sakan. Idan ba a matse ba, awa guda takan kai kimanin gigabayit 75, alhali faifan CD bai wuce megabayit 700 ba. Maganin wannan shi ne tsarin MPEG-1, wanda a kansa kamfanonin Philips da Sony da JVC da Matsushita suka gina faifan VCD a 1993.

Dabarar ita ce, ba kowane hoto ake ajiyewa cikakke ba. Idan mutum biyu suna magana a zaure, bango da tabarma ba sa motsi, don haka sai a ajiye su sau ɗaya, a riƙa rubuta abin da ya sauya kawai. Haka kuma ana rage faɗin hoton zuwa ɗigo 352 da tsawo 288. Ta haka minti guda yake komawa kimanin megabayit 10, faifai ɗaya ya ɗauki minti 74 zuwa 80. Raunin dabarar yana fitowa ne inda motsi ya yi yawa. Shi ya sa a wurin rawa, inda kowa yake juyi da tufafi masu zane, hoton VCD yakan farfashe ya zama ƙananan murabba'ai. Abin da matsewa ta zubar kuwa ba ya dawowa.

2.4 Tasirin Sauyin

Faifai ya bambanta da kaset ta fuska biyu: ana kwafe shi cikin 'yan mintoci, kuma kwafi na ɗari daidai yake da na farko. Da wannan ɗan shingen da yake tsakanin masta da kwafin sata ya rushe. Da tsarin matsewa ya ƙara ƙarfi, irin su 3GP da MP4, sai fim ya shiga wayar hannu, masu turawa a bakin titi suna zuba fina-finai da yawa a katin waya a kan kuɗi kaɗan. Kasuwar faifai ta durƙushe a shekarun 2010, masu fim da dama suka koma tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, ko kuma YouTube, inda shirin Izzar So ya fara fitowa a 2020.

Akwai kuma asarar da ta shafi manazarta. Kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, na'urorin kunna shi kuma an daina ƙera su. Saboda haka tsohon fim ɗin da ba a adana mastarsa ba, abin da zai rage shi ne kwafin da aka matse, wani lokaci har sau biyu ko uku.

2.5 Kammalawa

An ga yadda tacewa ta faro daga na'urori biyu a gidajen talabijin irin na Hotoro, ta koma kwamfuta, da yadda matsewa ta kai fim gidaje da wayoyi, amma ta karya kasuwar kwali. Ya kamata jami'o'i da gidajen talabijin su nemo mastocin da suka rage a hannun furodusoshi, a zuba su a kwamfuta ba tare da matsewa mai tsanani ba, tun ana samun na'urar da za ta kunna su.